Baƙin Tabo a Cikin Fara

Aikin farko da na taɓa yi a duniya har aka ba ni lada shi ne kamun fara. A Magama ne, bakin iyakar Jibiya, cikin kakar 1986, ina aji huɗu a firamare. Gidanmu bai fi jifa biyu ba daga shingen kwastan, inda titin da ya taso daga Katsina yake ɗan tsayawa kafin ya wuce Ɗan Isa da Maraɗi. A shekarar ne aka sake buɗe iyaka bayan rufewar da aka yi mata tun watan Afrilun 1984, rufewar da ta zo daidai da fari, har 'yan'uwanmu na ƙetare suka raɗa wa yunwar lokacin suna El-Buhari. Cikin wannan yunwa kakata ta wajen uwa, Iya, ta baro ƙauyensu na ƙasar Madarunfa a kan jaki, ta ɓarauniyar hanya, ta zo ta zauna da mu. Ba ta sake komawa ba sai da ziyara.

Da ruwa ya dawo, fara ta biyo shi. Manya suna zullumin gero, mu yara muna murna. Tun kafin kiran assalatu Iya za ta taɓa ƙafata.

"Maigida, tashi. Hwara ba ta jiran mai kwana."

Sai mu ɗauki buhu mu nufi bayan gari, lokacin da sanyin asuba ya ɗaure mata fukafukai, tana manne da ganyen sabara da karan gero kamar an liƙa ta. Idan rana ta ɗaga, ba mai kama ta. Iya ta zuba abin da muka samo a tafasasshen ruwa da bisimilla, ta shanya a tabarma, ta soya da gishiri da yaji, ni kuma in ɗauki tire in bi layin manyan motocin da ke jiran a duba takardunsu. Direbobi da yaran mota suna saye da naira, suna saye da sefa, Iya ba ta ƙin ko wanne.

Manyan, irin su babe, ba duka muke kai wa Iya ba. Mukan soke su da ƙaya mu jera a tsinke, ko mu ɗaura musu zare muna wasa. Wani ruwa yakan fito daga inda aka soka, fatsi-fatsi mai ɗan kore, ya ɓata mana yatsu. Kafin hantsi ruwan ya rine ya koma baƙi-baƙi, bakin raunin ma ya yi baƙi. Wata rana tsinin ƙayar aduwa ya karye a cikin wata babbar fara, sai na ajiye ta a gwangwanin madara, na huda murfin, ina ba ta ganyen wake, ina jiran in ga yaushe za ta mutu. Kwana uku, kwana biyar, tana nan tana ci. Inda ƙayar ta shiga ya zama wani ɗigo baƙi wuluk, mai tauri kamar ƙwayar barkono. Na kai wa Iya.

Ta karkata ta wajen haske ta daɗe tana kallo. "Ta yi ma kanta ɗori," in ji ta. "Wanda ya halicce ta bai bar ta ba magani ba. Sake ta, maigida, ta sha wuya ya isa."

Na sake ta a gindin katanga, amma tambayar ba ta sake ni ba. A makarantar allo malaminmu ya karantar da mu cewa fara na cikin halittun da ba su da jini mai gudana, shi ya sa ba a yanka ta kamar kaza. To, abin da ba shi da jini, da me yake warkewa? Ni da na taka ƙusa shekara guda kafin nan sai da ƙafata ta kumbura ta tara ruwa, aka kai ni asibitin Jibiya aka yi mini allura. Ita kuwa an soke ta da ƙaya mai ƙura, a cikin gwangwani mai tsatsa, ko kumburi ba ta yi ba.

Akwai abu na biyu da na gani a gonar kawuna, a gefen gulbin da ke gangarawa Maraɗi, tun ba a gama madatsar ruwan Jibiya ba. Idan wake ya yi fure, wata tsutsa mai ɗige-ɗige takan shiga furen da ɗanyen kwanso ta cinye su daga ciki, ta bar kashinta da saƙarta a bakin rami. Amma wani lokaci mukan tarar da wasu tsutsotsi sun mutu da kansu, sun yi baƙi, sun saki jiki sharaf, in ka taɓa sai su fashe da ruwa mai wari. Kawu yakan hana ni kakkaɓe su. "Bar su nan, ɗana. Annoba ce ta faɗa masu, su za su kai ma sauran." Ashe ƙwaro yana warkewa, kuma ashe yana kamuwa da ciwon da ya fi ƙarfinsa. Na riƙe waɗannan biyu a raina shekara goma ban san inda zan kai su ba.

Sai da na je Samaru karatun aikin gona, a tsakiyar shekarun 1990, na sami wanda ya kwance mini ƙullin. Ranar wani darasin gwaji aka ba kowannenmu fara mai rai, aka ce mu ɗan yanke gindin ƙafarta mu ɗiga ruwan a kan gilashi, mu leƙa ta madubin ganin ƙananan halittu. Na leƙa na ga ruwan cike da ƙwayoyi, wasu kewayayyu, wasu sun baje suna miƙa yatsu kamar masu lalube a duhu. Na tsaya kallo har ɗigon ya fara rinewa a gabana, irin rinin da na sani a yatsuna tun ina yaro. Malamin ya ce in ana son hana shi baƙi, sai an ɗora gilashin a kan ƙanƙara. Ban iya rubuta komai ba a ranar. Iya ta rasu shekara biyu kafin nan, kuma ita kaɗai nake son in gaya wa.

Maganar malaminmu na allo tana nan daram, domin jan jini mai kwarara a jijiya yake nufi, kuma fara ba ta da shi. Numfashinta ta wasu ƙananan kafofi ne a gefen jiki, iska na bin bututu har cikin tsoka, don haka ruwan jikinta ba ya ɗaukar iska, ba ya bukatar ja. Zuciyarta doguwar tsirkiya ce a gadon baya, tana tura ruwan yana wanke kayan ciki a sake. Amma masu gadi suna cikinsa. Idan bakteriya kaɗan ce ta shigo, ƙwayoyin jinin su haɗiye ta ɗaya bayan ɗaya. Idan ta yi yawa, su taru su dunƙule ta a tsakiya kamar curin fura. Idan baƙon ya fi ƙarfin haɗiya, kamar ƙwan da zanzaro ya dasa ko tsinin ƙayata, sai su lulluɓe shi hawa-hawa, sannan su saki wani sinadari da ke kwance a jini yana jiran a tada shi. Shi ne ke haifar da baƙin launi, dangin wanda ke fatarmu, kuma a kan hanyar yin baƙin yakan fitar da abubuwa masu ƙona duk abin da aka tsare a ciki. Danginsa ne ke sa goro ko doya su rine in an fasa su an bar su a iska. Baƙin tabon nan, ashe, ɗinki ne kuma kabari ne.

Abin da ya fi faranta mini rai a karatun shi ne da ƙaya aka fara gano wannan duka. A 1882, a garin Messina na ƙasar Italiya, wani masani ɗan Rasha, Ilya Mecnikof, ya soka ƙayar fure a jikin jaririn wata halittar teku mai siffar tauraro, washegari ya tarar ƙwayoyi sun yi wa ƙayar zobe. Daga nan ilimin ƙwayoyin da ke haɗiye cuta ya samo tushe, aka ba shi kyautar Nobel a 1908. Ita ma fara tana da nata kaso a tarihin. A birnin Strasbourg na Faransa, cikin shekarun 1960, akwai ɗakin binciken Pierre Joly inda ake yanka fara ana dasa wa wata kayan cikin wata ba tare da wata tsafta ta musamman ba, amma ba sa ruɓewa. Joly ya sa ɗalibinsa Jules Hoffmann ya nemo dalili. Hoffmann ya gano wurin da ake ƙera ƙwayoyin jinin a kusa da zuciyar farar, da ya lalata wurin da hasken hoton ƙashi, sai bakteriya ta mamaye jikinta ta kashe ta. Tambayar da na yi a gaban gwangwanin madara, ita wani ya mayar aikin rayuwarsa. A 1996 ɗakin bincikensa, da hannun Bruno Lemaitre, ya nuna cewa ɗan ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓen mangwaro, idan aka lalata masa wata ƙwayar gado mai suna Toll, fumfuna takan rufe shi ruf ya mutu. Bayan shekara biyu Bruce Beutler a Amurka ya gano cewa 'yar'uwar Toll ce ke jin ɗuriyar dafin da ke jikin wasu bakteriya a cikin ɓera, haka ma a jikin mutum. Hoffmann da Beutler sun sami Nobel a 2011, tare da Ralph Steinman.

To ta yaya ƙwayar da ba ta da ido take gane maƙiyi? A nan kullum tunanina yakan koma shingen Magama, domin a can na fara ganin hanyoyin biyu, ina riƙe da tiren fara. Yawancin ma'aikata lambar mota suke dubawa da takarda: wannan ta Nijar ce, wannan ta gida ce. Amma akwai wani dattijo a cikinsu da ba ya fara karɓar takarda. Sai ya zagaya motar, ya dubi yadda ta zauna a kan tayoyinta, ya saurari kukan injin. Idan an ce auduga aka ɗauko amma bayan motar ya durƙushe, ya san akwai magana.

Hanyar farko, irin ta masu duba lamba, a jikin ƙwaro ita ce duba riga. Bangon jikin bakteriya an saƙa shi da wani zare da babu irinsa a jikin ƙwaro ko na mutum, kuma duk inda ta bi sai ta zubar da ɓurɓushinsa. Ƙwaro yana da furotin masu kama wannan ɓurɓushi, wasu na yawo a jini, wasu na zaune a fatar ƙwayoyin. Da sun kama, saƙo ya tafi ta ɗayan manyan hanyoyi biyu, Toll ko Imd, gwargwadon irin saƙar, ya isa ga kitsen cikin ƙwaron, wanda yake yi masa aikin hanta. Cikin sa'o'i kaɗan kitsen ya cika jini da wasu gajerun furotin masu huda bakteriya. Hans Boman da abokan aikinsa a Suwidin su suka fara bayyana tsarin irinsu a 1981, daga jinin wani babban asu.

Sai dai riga ba ta isa shaida ba. Hanjin ƙwaro cike yake da bakteriya marasa cutarwa masu irin wannan riga, mai cutarwa kuma takan iya ɓoye tata. Dafin da take fitarwa furotin ne, launinsa dubu, ba za a iya ajiye mai gadi ga kowanne ba. Shi ya sa akwai hanyar dattijon nan, wato a bar tambayar wane ne, a dubi abin da ya aikata. A 2006 masu bincike a Strasbourg sun nuna cewa a jinin ɗan ƙuda akwai wani furotin, Persephone, da aka ajiye tamkar tarko. Fumfuna da wasu bakteriya suna fitar da sinadarai masu yanka nama don su buɗe hanya. Da sun yanki wannan tarko, yankan da kansa ke tada Toll. A 2011 wasu a Amurka suka gwada dafin CNF1, na irin bakteriyar da ke kawo ciwon mafitsara ga mutane. Dafin yakan shiga cikin ƙwaya ya danne wani makunni mai suna Rac2 ya hana shi mutuwa. Ƙwayar ƙudan ba ta san dafin ba, amma ta ji makunninta ya maƙale ba bisa ƙa'ida ba, sai ta yi kururuwa. Ɓarnar ce ta tona asirin mai ɓarna. A ganina wannan ya fi kowane ɓangare na ilimin ban mamaki, domin yana nufin jiki ya san daidai ɗinsa, har yana gane ranar da aka taɓa masa kaya ko da bai ga ɓarawon ba.

Su ma bakteriya ba zama suka yi ba. Akwai wata, Photorhabdus, da ke zaune a cikin wata siririyar tsutsar ƙasa da ido bai cika gani ba. Tsutsar ta kutsa jikin ƙwaro ta amayar da ita a jini. Ɗaya daga cikin dafinta, wanda masana a jami'ar Bath ta Ingila suka bayyana a 2002, yana sa ƙwayoyin jini da na hanji su kashe kansu, ƙwaron ya saki jiki sharaf. Wani sinadarin nata kuma yana hana baƙin nan fitowa sam. Masu gadin take fara kashewa, sannan ta ci gari.

Wadda ta shafi gonar kawuna kai tsaye ita ce Bacillus thuringiensis, Bt a taƙaice. Wani Bajapane, Ishiwata, ya fara ganinta a 1901 tana kashe tsutsar siliki, sannan Ernst Berliner ya same ta a 1911 a tsutsar garin alkama daga yankin Thuringia na Jamus, inda sunan ya fito. A ƙasa take zaune, kuma dafinta dunƙule yake kamar ƙwayar gishiri, ba ya komai sai an ci shi. Cikin mutum tsami gare shi, yana narkar da shi kamar kowane furotin. Cikin tsutsa kuwa kamar ruwan kanwa yake. A nan dunƙulen ke narkewa, kuma ruwan narkar da abincin tsutsar da kansa ke datse shi ya fito da kaifinsa. Da ɗan gari akan ci gari. Daga nan ya nemi wasu maƙalai da ke bangon hanjinta, waɗanda babu su a namu, ya kafu ya huda. Tsutsar ta daina ci, abin da ke hanji ya kwarara cikin jini, ƙwayoyin jini su yi ta dunƙulewa da baƙantawa har su gaza. Wani bincike a Italiya a 2016 ya nuna cewa in aka raunana wannan dunƙulewar, Bt takan fi saurin kisa. Baƙar gawar da ta saki jiki a kan ganye, irin wadda Kawu ya hana ni kakkaɓewa, kamannin wanda ya yi yaƙi ne har ƙarshe aka fi ƙarfinsa.

Kawu bai dogara da annobar tsutsa ba, feshi yake yi. Na sha ganinsa yana dama magani a bokiti da hannu, ba safar hannu ba abin rufe hanci, ya yayyafa da tsintsiya, ya dawo gida idanu jawur yana amai, a ba shi madara a ce zai wuce. Wannan hoton nake gani duk lokacin da ake gardamar waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a watan Disambar 2019 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku. An sa masa ƙwayar gadon Bt mai yin dafin Cry1Ab, don tsutsar Maruca, mai ɗige-ɗigen nan, wadda kan iya cinye har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Manomin da ke feshi sau shida zuwa takwas a damina zai iya komawa sau biyu. Ina goyon bayansa, kuma saboda Kawu nake goyon bayansa. Amma wanda ya taɓa kallon fara tana ɗinke kanta ba zai yarda an gama da ƙwaro ba. A Afirka ta Kudu an ba da rahoto tun 2007 cewa tsutsar karan masara ta daina jin wannan dafi na Cry1Ab, a Indiya ma jar tsutsar auduga ta yi haka da nata. Sau da yawa maƙalan hanjin ne ke sauya siffa, dafin ya zo ya rasa wurin kamawa, 'ya'yan mai wannan siffa su cika gona. Dole a bar wake na gargajiya a kusa, inda tsutsa mai jin dafin za ta rayu ta auri mai taurin, kuma dole malaman gona su faɗa wa manomi gaskiya cewa wannan iri bai hana ɗarɓa ba, bai hana ƙwarin da ke tsotse kwanso ba, bai hana ƙwaron rumbu ba. Duk mai sayar da iri da ya ɓoye wannan ya cuci manomi, ya kuma rage wa irin kwana.

Na koma Magama bayan an sake buɗe iyaka a watan Maris na 2024, rufewa ta uku ke nan da na gani da idona. Na tarar yara ba sa fita bayan gari da asuba; 'yan bindiga sun raba mutane da dajin da muka yi wasa a ciki, gonar Kawu ma shekara da shekaru ba a nome ta ba. Farar da ake soyawa a buhu take zuwa daga Nijar. Ranar Lahadi na shiga kasuwar Jibiya da 'yar ƙanena, wadda ke aji biyu a sakandare, na sayi kwano guda na busasshiya wadda ba a soya ba. Muka baje ta a tabarma a zaure, na ce ta nemo mini mai tabo.

Ta yi ta juya su ɗaya-ɗaya, har na fara tunanin ba za a samu ba. Can ta ɗago wata, ta matso da ita bakin ƙofa wajen haske.

"Baba, ga wani baƙin ɗigo nan a gefen cikinta. Ƙonewa ta yi?"

Na ce ta kankare shi da farce ta gani. Ta gwada, bai fita ba.